Yagaggar jikka ma jikka ce: a ba mu ma'auni, a daina cutar talaka



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a kasuwanninmu, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa har Katako ta Yamai. Gardamar farashi tana da sauƙi, da an taya an sallama ta mutu. Wadda ba ta mutuwa ita ce gardamar lafiyar takardar kuɗi. An gama ciniki, an ƙulle kaya cikin leda, mai saye ya miƙo jikka guda, sai mai sayarwa ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama, ya ce: "Wannan ba ta karɓuwa, canza mini." Mai saye ya ce shi ma yanzun nan aka ba shi ita canji a wancan layin. Daga nan sai rantse-rantse, wani lokaci har da zage-zage, ciniki ya watse, kowa ya tafi da fushi. Amma da za ka tsayar da su biyun ka tambaye su inda aka rubuta cewa yaga kaza tana kashe takarda, yaga kaza ba ta kashe ta, babu wanda zai iya nuna maka.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, muddin babu ma'auni guda rubutacce wanda mai saye da mai sayarwa suka sani, to mai ƙarfi ne zai riƙa yanke hukunci, mai ƙaramin jari kuma ya riƙa biya. Domin mu gane haka da kyau, ya kamata mu leƙa wajen wasu mutane waɗanda lafiyar takardar kuɗi ita ce sana'arsu gaba ɗaya, mu ga yadda suka yi da tasu gardamar.

Masu sayen kuɗi da kuɗi

A Turai da Amurka da Asiya akwai dubban mutane da sha'awarsu ita ce tara takardun kuɗi na ƙasashe dabam-dabam, tsofaffi da sababbi, kamar yadda wani yake tara dawaki ko tantabaru. Ba kashewa suke yi ba, adanawa suke yi, su sayar wa junansu, su kai gwanjo. Suna da ƙungiya ta duniya mai suna IBNS wadda aka kafa a 1961, suna da manyan littattafai da suka jera kowace takarda da lambarta. Har sefarmu tana cikin abin da suke nema. Sun san cewa harafin da ke kusa da lambar takarda yana nuna ƙasar da aka fitar da ita dominta: H ta Nijar ce, A ta Kodibuwa, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, K ta Senegal, T ta Togo, S ta Gine Bisau. Sun san lambobi biyu na farko suna nuna shekarar da aka buga ta. Wani yana nan zaune a wata ƙasa mai sanyi yana neman ya haɗa duk takardun da ke da harafin H, shekara bi shekara.

Kuɗin da ke yawo cikin wannan harka ba na wasa ba ne. A watan Janairu na 2014, an yi gwanjon wata takardar dalar Amurka 1000 ta shekarar 1890, aka saye ta dalar Amurka miliyan 3 da dubu 290. To inda ake zuba irin wannan dukiya, dole a yi faɗa a kan lafiyar kaya. Takardu biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, sa hannu ɗaya, ana iya sayen ɗaya ninkin ba ninkin ɗayar, saboda kawai an taɓa ninke ɗaya gida biyu, ɗayar kuwa ba a taɓa ba. Shekaru da dama kowane dillali da bakinsa yake aunawa. In zai saya sai ya ce takardar ta sha jiki, in zai sayar sai ya ce fil take. Kowa ya san wannan hali, domin mu ma muna ganinsa a kasuwar dabbobi.

Matakai tara

Maganin farko da suka yi shi ne rubuta ma'auni. Ƙungiyar IBNS ta kasa lafiyar takarda matakai 9, kowane da bayaninsa dalla-dalla.

A can sama akwai takardar da ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba: tsaf take, tana da ƙarfi, kusurwoyinta huɗu a tsaye, babu ninki ko ɗaya. Mai bi mata ita ce wadda saura kaɗan ta zama sabuwa: an yarda ta nuna alamar yatsan mai ƙirga a kusurwa, ko kuma ninki guda mara ƙarfi a tsakiya, amma in ta haɗa biyun ta faɗo ƙasa. Ta uku an yarda mata ninki uku marasa ƙarfi, ko kari guda mai zurfi. Ta huɗu ta ninku a tsaye da kwance, ta ɗan yi dauɗa, amma babu yaga. Ta biyar ta yi laushi, tana da ƴan yage-yage a gefe waɗanda ba su shiga cikin zane ba, kuma tsakiyarta ba ta huje ba. Ta shida yaga ta shiga cikin zane, tsakiya ta ɗan huje saboda yawan ninki, amma babu yankin da ya ɓace. Daga ta bakwai ne ake fara rasa ƙananan yankuna, a ga rubuce-rubucen mutane a kanta. Ta takwas ta zama lagwani, manyan yankuna sun fita. Ta tara tsumma ce, wani lokaci liƙi ne kaɗai ke riƙe da ita.

Ku lura da abu guda. Babu inda aka ce "ta yi kyau a idona" ko "ba ta kwanta mini ba". Ƙirga ake yi: ninki nawa, yaga ta kai ina, akwai huda ko babu. Wanda ke Landan da wanda ke Dubai suna iya yin ciniki ba tare da sun ga juna ba, domin kalma guda suke nufi. Wani abin dariya kuma shi ne, matakin da suke kira "mai kyau" shi ne na uku daga ƙasa. Haka ma a Faransa, wadda suke kira "kyakkyawa ƙwarai" takarda ce da ta riga ta sha yawo. Bakin dillali ne ya bar wannan gado, ko'ina a duniya ba ya kushe hajarsa. Sai da aka ɗaure kalmomin da bayani sannan suka daina ruɗin mai saye.

Inda su ma suke faɗa

Rubuta ma'auni bai kashe gardama ba gaba ɗaya, domin har yanzu mai kaya ne ke auna kayansa. Saboda haka suka ƙara mataki na biyu: alƙali wanda ba shi da rabo cikin cinikin. A 2005 aka kafa wani kamfani mai suna PMG a jihar Fulorida ta Amurka, akwai kuma irinsa kamar PCGS. Mutum zai aika takardarsa, ya biya lada, ƙwararru fiye da ɗaya su duba ta, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, sannan a rufe ta ruf cikin leda mai kauri da lamba a jiki, wadda kowa zai iya bincikawa ta intanet. Wannan ma'auni na 70 an aro shi ne daga wanda wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya tsara wa kuɗin ƙarfe a 1949. Kafin takarda ta sami 70, sai an duba ta da gilashi mai ƙara girma sau 5 ba a ga alamar hannu ba. Kamfanin PMG ya kuma hana masu aunawarsa yin fataucin takardu, don kada alƙali ya zama ɗan kasuwa.

Duk da haka suna faɗa. Babban abin faɗan shi ne kwaskwarima. Wani zai ɗauki tsohuwar takarda ya wanke ta, ya danne ta ko ya goge ta da dutsen guga, ya datse gefenta da reza don kusurwa ta tsaya, ya cike huda, ya kawo ta a matsayin sabuwa. Masana suna gane wannan ta hanyar karkata takardar ga haske da shafa tudun bugun da ke jikinta, wanda guga ke kwantarwa. A wajensu wankakkiyar takarda darajarta raguwa take yi, kuma wanda ya sayar da ita bai faɗa ba maha'inci ne. Shi ya sa ake ƙara wata alama a jikin ledar don nuna cewa takardar tana nan yadda aka buga ta, wata alamar kuma don nuna tana da aibi na musamman kamar gyara ko babbar yaga.

Akwai kuma gardamar hudar allura. Bankunan Faransa sun daɗe suna maƙale takardu da allura in sun ƙirga, har ya zama da wuya a sami wasu tsofaffin takardunsu babu huda. To takardar da ta fito daga banki da huda, ba ta taɓa shiga kasuwa ba, sabuwa ce ko ba sabuwa ba ce? Sun daɗe suna ja-in-ja a kai, abin da aka fi yarda da shi shi ne a faɗi matakin sannan a ambaci hudar a fili. Wasu kuma in ba su ji daɗin makin da aka ba su ba, sai su yanke ledar su sake aikawa, ko Allah zai sa 64 ta koma 65, domin maki gudan nan yana iya canza farashi sosai.

Wani zai ce, to ashe su ma ba su huta ba, me za mu koya? Bambancin a bayyane yake. Su faɗansu ya koma tsakanin 64 da 65. Mu namu faɗan tsakanin kuɗi ne da shara.

Sefa ba kayan ado ba ce

A nan ne ya kamata a rarrabe zare da abawa. Takardar da mai tarawa ke saye haja ce, kamar zane ko darduma, saboda haka lafiyarta ce farashinta. Takardar da ke hannun mai ƙosai kuwa darajarta tana cikin adadin da aka rubuta a kanta da kuma bankin da ya tsaya mata. Jikka mai hoton raƙuma, ko sabuwa ce mai ƙara ko ta yi laushi kamar ganyen rama, dala 200 ce. Dala ɗari mai hoton dorina, wadda aka fitar a 2012, ita ta fi kowace shan wahala domin ita ce kuɗin cefane, amma wahalar ba ta rage mata ko dala guda. An buga kuɗi ne domin su yi yawo, yawo kuwa dole ya tsufar da su. Wanda ya ce sai sabuwa zai karɓa a kasuwa ya ɗauko ma'aunin masu tarawa ya kawo shi inda ba wurinsa ba.

Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, ya sha fitar da sanarwa cewa ƙin karɓar takarda ko ƙarfen da ke da halaccin yawo laifi ne a gaban doka, kuma wanda ke da takardar da ta lalace ko ƙarfen da ya shafe yana iya kai su tagoginsa a canza mishi. Harafin ƙasa ma ba hujja ba ne: mai A da mai K da mai H duk ɗaya suke a cikin ƙasashe 8. Haka ƙarfen dala hamsin da ake yawan ƙi a wurare da dama, jita-jita ce kawai ta kashe mishi kasuwa.

To amma sanarwar da aka rubuta da Faransanci aka manna a bangon banki, yaushe za ta iso wajen mai fura a kasuwar ƙauye? Bankin yana da rassa a manyan birane kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram. Matar da ke Dakwaro ko Tanut ko Abalak, in tana da yagaggar jikka biyu, kuɗin motar zuwa kaɗai ya cinye su. Haƙƙin da ba ka iya kaiwa gare shi, sunansa kawai kake da shi.

Wa ke biyan kuɗin yagar?

Ku bi sawun tsohuwar takarda ku ga inda take ƙarewa. Babban mai sari ba ya karɓarta daga ƙaramin ɗan kasuwa. Mai kanti yana tura ta cikin canji ga yaron da aka aiko, ko ga tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko da dare ga wanda ke sauri. Ɗan kabu-kabu ya karɓa a duhu, gari ya waye mai sayar da mai ya ƙi ta. Haka take gangarowa kamar ruwa, har ta taru a wuri mafi ƙasa: wajen mai kayan miya, mai waina, mai ƙuli-ƙuli, mai tallan ruwa. Su ba su iya korar mai saye, domin in suka ƙi takardar, kayansu ne za su kwana su lalace.

Daga nan sai masu saye da ragi su shigo. A ce an karɓi jikkarta a dala 180. Ta yi asarar dala 20, kashi 10 cikin 100 ke nan, a kan laifin da ba ita ta yi ba. In ribarta ta yini duka jikka guda ce, ku duba abin da aka yanka daga tuwon ƴaƴanta. Shi kuwa wanda ya saya zai tara su ya kai banki a ba shi cikakku. Wannan haraji ne da babu majalisar da ta zartar da shi, kuma talaka kaɗai ke biyansa. Malamai da dama sun yi bayani cewa musayar kuɗi iri ɗaya da fifiko, a ba da 200 a karɓi 180, tana shiga babin riba. Wanda ke cin wannan abinci ya je ya tambayi malaminsa.

Hujjar masu ƙi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mai kanti zai ce: "In na karɓa, ni wa zai karɓa daga gare ni?" Gaskiyarsa. Ba mugunta ke sa yawancin mutane ƙin tsohuwar takarda ba, tsoro ne. Kowa yana ƙi ne domin yana zaton na gaba zai ƙi. Irin wannan sarƙa ba a kwance ta daga ƙasa. Sai na sama sun fara karɓa, wato waɗanda ke zuba kuɗi a banki kullum: manyan masu sari, gidajen mai, kantunan magani, wuraren biyan kuɗin ruwa da wuta da haraji. Su babu abin da za su rasa, domin gobe da safe takardar tana banki. Ran da ƙaramin ɗan kasuwa ya tabbata uban ɗakinsa zai karɓa, shi ma zai karɓa daga mai cefane.

Hujja ta biyu ita ce ta jabu. Gaskiya ne masu buga jabu suna cakuɗa takardarsu da dauɗa don ta yi kama da wadda ta sha yawo, kuma akwai masu haɗa rabin wannan da rabin waccan su liƙe. To maganin wannan shi ne sanin alamomi. A ɗaga takarda ga haske a ga hoton da ke ɓoye cikinta da zaren da ya ratsa ta, a shafa a ji tudun bugu, in an liƙe ta a duba ko lambobin da ke jikinta sun zo ɗaya. Wanda ya san waɗannan ba ya tsoron tsohuwar takarda, kuma sabuwa mai ƙyalli ba ta ruɗinsa.

Teburin ƴan canji

Kuɗin waje kuma hukuncinsu dabam ne, kuma a nan ne darasin masu tarawa ya fi amfani. Dalar Amurka da yuro da riyal da naira ba kuɗin ƙasarmu ba ne, haja ce ake saye da sayarwa. Duk alhajin da ke zuwa Dubai ko Sin ko Makka ya san yadda ake yi: dala 100 ta Amurka mai ƙaramin kai, wadda aka buga kafin 1996, farashinta dabam, mai babban kai dabam, mai shuɗin zare da ta fito a 2013 ita ce sarauniya. Ɗigon tawada ko hatimin wani ɗan canji a kanta sai a rage. Alhali gwamnatin Amurka ta ce duk waɗannan takardu suna nan da cikakkiyar darajarsu, komai tsufansu.

Ɗan canji yana da uzuri, domin shi ma sayarwa zai yi, kuma bankuna da ƴan kasuwa a ƙasashe da yawa suna ƙin tsohon bugu. Abin da ba shi da uzuri a kai shi ne ma'auni biyu: in ka kawo, ɗigon tawada babban aibi ne, in ka zo saye, sai a cusa maka mai ɗigon a ce ba komai. Wannan shi ne tauye mudu da aka yi mana kashedi a kai. Tiyar da ka auna ka saya, da ita za ka auna ka sayar. In ƴan canjin kowane gari suka haɗu suka rubuta a allo cewa bugu kaza farashi kaza, mai yaga ragi kaza, mai hatimi ragi kaza, kuma haka yake ko saye ko sayarwa, rabin rigimar ta ƙare.

Mutanen bakin iyaka, na Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya, sun san abin da rashin magana guda ke jawowa. Lokacin da Najeriya ta sake fasalin naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, farkon 2023 ya zo da ruɗani, yau a ce tsofaffi sun mutu, gobe a ce suna da rai, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa a ci gaba da karɓarsu. Wanda tsoro ya sa ya zubar da nasa da araha kafin hukuncin, babu mai mayar mishi. Mu ma mun ga irin haka a 2004, da BCEAO ta janye takardun samfurin 1992 tsakanin 15 ga Satumba da 31 ga Disamba, bayan fashin da aka yi a rassanta na Kodibuwa, har aka ƙara wa'adi a farkon 2005. Kullum wanda labari ya iske a makare shi ke asara.

Abin da muke nema

Na farko, BCEAO ta fito da ma'auninta fili. Babban bankin Turai yana da ƙa'ida da yaro ma zai iya haddacewa: in ka kawo fiye da rabin takardar yuro, za a canza maka. Amurka ma haka take yi. Babban bankin Najeriya ya wallafa nasa jagoran lafiyar takarda a 2019. Mu ba mu bukatar matakai 9, balle maki 70. Uku sun isa: wadda dole kowa ya karɓa, wadda sai banki, da wadda ba kuɗi ba ce. A buga su da hotuna, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowace kasuwa da kowace tasha, a karanta a gidajen rediyon karkara.

Na biyu, a kawo tagar canji kusa. Bankunan kasuwanci su karɓi lalatattun takardu daga kowa, ko yana da ajiya a wajensu ko ba shi da ita, a kuma riƙa kai mota manyan kasuwannin mako lokaci-lokaci. Tun da aka iya zagaya ƙasa don janye tsofaffin takardu a 2004, ana iya yin haka don kwashe tsummokara.

Na uku, kowace kasuwa ta sami mai raba gardama. Muna da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa, muna da al'adar kiran dattijo in an saɓa a kan awo. A ba ɗaya daga cikinsu allon ma'aunin, da sharaɗin da masu tarawa suka gindaya wa nasu alƙalan: kada ya kasance mai sayen yagaggun kuɗi.

Na huɗu namu ne. Mu ne ke dunƙule takarda mu ɗaure a bakin zane, mu karɓe ta da hannun manja ko na kifi, mu rubuta lissafi da lambar waya a kanta, mu huda ta da ƙarfen maƙala takardu duk goma-goma, mu watsa ta ƙasa wajen biki a tattake. A Najeriya dokar babban banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira dubu 50 ga mai wulaƙanta naira. Bai kamata mu jira sai an kawo mana bulala ba. Ƙaramar jaka ko gwangwani mai murfi a gefen tire ya isa ya ƙara wa takarda kwana.

Ga masu tsofaffin takardu a adaka

A gidaje da yawa akwai takardun da kakanni suka bari, na zamanin Turawa ko na farkon mulkin kai, ko jikka biyu da rabi ta 1992 da aka manta cikin littafi. Waɗanda aka janye ba su sayen komai a kasuwa yau, amma suna iya samun mai so cikin masu tarawa. Kada a wanke su, kada a goge, kada a liƙe, kada a datse gefe, domin duk wannan rage musu daraja yake yi. A shimfiɗa su cikin littafi a wuri busasshe, nesa da rana da gara. Kada kuma a ɗora rai da yawa: takardar da aka buga miliyoyi, ta kuma sha yawo, kuɗinta kaɗan ne ko da ta tsufa. Ƙarancinta da lafiyarta ne ke sa ta tsada. Duk wanda ya ce maka takardar kakanka ta miliyoyi ce amma sai ka fara ba shi wani abu na "buɗe hanya", ɗan damfara ne, ka riƙe kuɗinka.

Kafin magabata su amsa wannan kira, akwai abin da kowane ɗayanmu zai iya farawa gobe da safe. In aka miƙo maka takarda ta gaskiya, cikakkiya, lambobinta suna karantuwa, ka karɓa ko ta yi laushi. In kana da hanyar banki, ka kai ta can, kada ka cusa wa yaro ko tsohuwa. Shugabannin ƴan kasuwa kuma su ɗauki maganar nan su kai ta gaban BCEAO da ma'aikatar kuɗi a rubuce, su nemi amsa a rubuce.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi tsare mu da cin haƙƙin juna. Amin.